Ziyarar Gaya: Shinkafa, Haki Da Kwalbar Da Aka Hana

Ina so in ba ku labarin wata ƴar tafiya da na yi zuwa Gaya cikin watan Rajab na 1446, wanda ya dace da Janairun 2025, domin abin da na tarar can ya shafi kowane gida da ake ɗora tukunyar shinkafa a cikinsa, ko da mai gidan bai taɓa taka laka ba.

Mahaifiyata ce ta aike ni. Yayanta, wato kawuna, ya aiko da saƙo cewa ciwon gwiwa ya hana shi zuwa Yamai, kuma yana da wata takarda da yake so a karanta masa, ba ya son ya kai wa kowa a gari. Na ɗauka takardar gado ce ko ta rikicin gona, har na yi ta shirya kalaman sulhu a zuciyata tun daga tasha.

Hanya

Daga Yamai zuwa Doso tafiyar wajen kilomita 140 ce, daga nan hanya ta karya kudu, a ƙara kamar kilomita 150 kafin a iso Gaya. Mun tashi bayan sallar asuba cikin hazo da sanyin hunturu. Wanda ya saba da arewacin ƙasarmu zai yi mamakin yadda ƙasa ke sauya kama in aka wuce Doso: itatuwa suna ƙara tsawo da yawa, jar ƙasa tana bayyana, sai kuma giginya ta fara tsayuwa jere-jere a cikin kwari. Wannan yanki shi ne mafi samun ruwan sama a Nijar, ana samun wajen milimita 800 a shekara, kuma cikinsa kwarin Mauri da kwarin Foga suke, inda ake noman rake da rogo da dankali, ake kuma dafa gishirin Foga da kakanninmu suka daɗe suna fataucinsa. Duk inda mota ta tsaya sai yara su kewaye ta da rake da muruci da soyayyen kifi.

Gaya kuwa tana zaune ne tsakanin tudu da kogin Isa. In ka hau tudun ka dubi kudu, ga Malanbil ta ƙasar Benin can ƙetaren ruwa, ga gadar da ta haɗa garuruwan biyu, wadda a lokacin ziyarata take rufe tun 2023, mutane da kaya sai a jiragen ruwa suke ƙetarawa. In ka juya gabas kuma, Kamba ta Najeriya ba ta da nisa, ɗan kabu-kabu yana zuwa ya komo kafin azahar. Cikin kasuwa ana jin Dendanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci, ana ciniki da sefa ana ciniki da naira. Garin da yake da ƙofofi uku irin wannan, duk abin da aka hana shi shigowa ta ɗaya yakan nemi ta biyu, kuma wannan ne tushen labarin namu.

Gonar kawu

Na iske kawu a zaure, ya miƙe ƙafa bisa tabarma. Bayan mun gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce, "Malam ƙarami, ka huta tukuna. Gobe ka ga gonar da idonka, sa'an nan in ba ka takardar, don kada ka yi mini hukunci daga kan tabarma."

Kashegari muka tafi bisa amalanken jaki. A watan Janairu kogin cike yake, domin ruwan da aka yi a tsaunukan Gine tun damina sai a wannan lokaci yake isowa ƙasarmu, bayan ya yi zamansa a fadamun Mali. Manoma suna tsakiyar shirin noman rani: wasu na huɗa da shanu, wasu na dama laka, mata da yara na tuge iri daga wurin reno suna ɗaurewa dami-dami.

Noman shinkafa a bakin kogin nan kashi biyu ne. Akwai gandayen da gwamnati ta gyara, waɗanda hukumar ONAHA da aka kafa a 1978 take kula da su, irin su Saga da Libore da Ndunga kusa da Yamai, da Tara a nan yankin Gaya. Can akwai injinan jan ruwa da magudanai na siminti, an yanka fili ƙanana-ƙanana, galibi rubu'in hekta zuwa rabi ga kowane magidanci, ana noma sau biyu a shekara, manoma kuma suna cikin koperatif, suna biyan kuɗin ruwa bayan kowace kaka. Ƙungiyoyin nan suna da tarayyarsu ta ƙasa mai suna FUCOPRI. Sai kuma kashi na biyu, gonakin fadama da ke wajen gandu, inda kowa yake ta kansa, da ɗan injinsa na ban ruwa in yana da hali, ko kuwa ya jira abin da kogi da sama suka ba shi.

Kawu yana da ƙafa a ko'ina: rubu'in hekta a cikin gandu inda yake dasa Gambiyaka, da wata gonar fadama da ya gada wadda ta ninka wancan sau uku. Ta cikin gandun tsaf take. Ta fadamar kuwa, da muka tsaya bakinta, ban iya gane inda gona ta ƙare daji ya fara ba. Sabe da aya-aya da kiri-kiri sun rufe ƙasa, burugu ya taso daga gefen ruwa, ga shinkafar daji wadda ba ka bambanta ta da ta gida sai ta fid da kai. Kawu ya nuna da sandarsa ya ce, "Ka gani? Ƴaƴana maza uku, ɗaya yana Kwatano, ɗaya yana Legas, ƙaramin yana lakwal. Ni ga gwiwa. Wa zai shiga nan?"

Takardar

Da dare bayan isha'i, ya sa aka rufe ƙofar zaure, ya jawo wani buhu daga bayan randa ya fito da kwalbar roba mai cin lita ɗaya. Ashe takardar da aka kira ni in karanta a jikin kwalba take manne. Ya ce wani mai tebur ne a kasuwa ya sayar masa, daga ƙarƙashin tebur ya zaro ta, ya kuma karɓi kuɗin da ya kusa ninka abin da ya saba biya. Mai tebur ya rantse masa cewa sabon magani ne wanda ba a hana ba, amma warinsa ya sa kawu shakka.

Rubutun duk da Ingilishi yake, babu Faransanci balle ajami, a ƙasar da mafi yawan manomanta ba su karanta ko ɗaya daga cikin harsunan Turawa. Na haska tocila na bi ƙananan haruffa da ɗan Ingilishin da na samu a sakandare. An sauya sunan da ke sama da manyan baƙaƙe, an sa hoton gona kore shar, amma a ƙasa inda ake rubuta sinadarin da ke ciki, kalmar tana nan: parakwat. Na nemi lambar amincewar hukumar Sahel ban gani ba, kwanan watan lalacewarsa kuma an goge shi. Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri, shi ne dai. Riga kawai aka sauya masa."

Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Na sani. So nake in ji daga bakin wanda ba ya neman kuɗina."

Mene ne parakwat?

Ya kamata in tsaya nan in yi wa mai karatu bayani. Parakwat maganin kashe haki ne da aka fara sayarwa a Ingila a 1962 da sunan Gramoxone. Ba ya zaɓe, duk koren ganyen da ya taɓa sai ya ƙone shi, kuma da hasken rana yake aiki, shi ya sa in an fesa da safe, kafin kwana biyu gona ta yi ja kamar an sa mata wuta. Ba ya sauka cikin saiwa, kuma da zarar ya faɗa kan ƙasa sai yumɓu ya riƙe shi ya daina aiki, don haka manomi yana iya huɗa ko dashe ba tare da dogon jira ba. Ruwan sama ma ba ya wanke shi in ya ɗan jima kan ganye. Sauri da araha su ne suka sa manoman fadama suka riƙe shi hannu biyu wajen share gona kafin shuka da kuma gyaran iyakoki da bakin magudanai.

Amma abin da yake yi wa ganye yana yi wa jikin ɗan Adam. Kurɓi guda ya isa ya kashe babban mutum, kuma har yau likitoci ba su da makarinsa. Yana ƙona baki da maƙogwaro, ya taɓa ƙoda da hanta, sa'an nan ya taru a huhu ya busar da shi sannu a hankali. Yana shiga ta gyambo ko tsagar fata, yana lalata farce, yana illata ido. Masu yin sa suna zuba masa shuɗin launi da wari da sinadarin sa amai don gargaɗi, amma duk wannan bai hana asarar rayuka ba.

Saboda haka ƙasashe da yawa suka raba gari da shi. Kotun Tarayyar Turai ta soke izininsa a 2007. Koriya ta Kudu ta hana sayar da shi a 2012, kuma mutuwa ta hanyar shan maganin gona ta ragu ƙwarai a can bayan haka. Sin, wadda take cikin manyan masu sarrafa shi, ta hana amfani da shi a gonakinta amma ta ci gaba da sayar wa waje. A nan yankinmu, ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel, wadda aka kafa a 1973 kuma Nijar take cikinta, tana da kwamitin tantance magungunan gona mai mazauni a Bamako, shi ne yake fid da jerin waɗanda aka yarda da su. Bisa shawararsa aka haramta parakwat a 2011.

To amma haramcin ya daɗe yana kan takarda bai iso Gaya ba, domin a Najeriya halal ne a wancan lokaci, kuma daga Kamba zuwa nan babu katanga. Cibiyar RECA ta manoman Nijar ta sha bayyanawa a rubuce cewa da yawa daga magungunan hakin da ke kasuwanninmu ba su da amincewar kwamitin. Sai da hukumar NAFDAC ta Najeriya ita ma ta hana shi daga farkon 2024, sa'an nan manoman bakin iyaka suka fara jin abin a jikinsu. Abin da na ji daga bakin duk wanda na zanta da shi a Gaya ɗaya ne: bai ɓace ba, amma ya koma ƙarƙashin tebur, ya yi tsada, jabu kuma ya yi yawa.

Hujjar kawu da hujjar inna

Kawu ba jahili ba ne, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce, "Ɗana, waɗanda suka zauna suka hana, sun aiko mana da masu noma? Kwalba ɗaya da famfon feshi, yaro guda ya gama mini gonar nan a wuni. In da hannu ne, sai ƴan ƙodago goma su yi kwanaki, in biya su, in ciyar da su, alhali ko taki ban gama biya ba. Wancan ɗayan, gilifosat, sai ka jira mako ɗaya ko biyu kafin haki ya mutu, ruwa kuwa ba ya jiran kowa. Na cikin gandu da koperatif ke kawowa, sai an dasa, ruwa yana kwance, yake aiki, ba ya share daji. In na makara da dashe, zafin Afrilu ya tarar da shinkafa tana fure, ta yi ƙaiƙayi. In na bar haki ya yi kwana arba'in tare da ita, rabin amfanin ya tafi. Ka gaya mini, da me zan ciyar da gidan nan?"

Ban da amsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ni da nake sayen shinkafa da tiya a Yamai ba ni da bakin yi masa wa'azi.

Ashe inna, matarsa, tana bayan ƙofa tana ji. Ta yi sallama ta shigo ta durƙusa gefe ta ce, "Malam, ka gaya masa labarin yaron nan, ko ni in gaya masa?" Kawu ya sunkuyar da kai. Ita ta ba ni labarin. A wani ƙauye da ke gaba da gonarsu, wani maƙwabcinsu na noma ya sayi ɗan awo, aka zuba masa a kwalbar lemo, domin masu tebur sukan kasa shi ga wanda ba ya iya sayen lita. Ya rataye a bukkar gona. Ɗansa mai shekara shida ya dawo daga korar tsuntsaye da ƙishirwa ya kurɓa. Ya yi amai, aka ba shi madara da man ja, bayan kwana biyu ya tashi yana wasa, aka ce an auna arziki. Sai bakinsa ya yi gyambo, numfashi ya fara yi masa wuya, da aka kai shi likita aka ce an makara. Bai cika mako biyu ba Allah Ya karɓi abinsa. Inna ta ce, "Jikokina huɗu ke yawo a gidan nan. Tun ran da kwalbar nan ta shigo ban yi barcin kirki ba. Shinkafa in ta ƙi bana, ta yi baɗi."

Daren nan ba a yanke komai ba. Kawu ya mayar da kwalbar cikin buhu, amma na lura bai mayar da ita bayan randa ba, ya sa ta cikin akwatin ƙarfe ya kulle.

Abin da aka yi

Da safe muka je wurin malamin gona na yankin, wani matashi mai haƙuri. Bai yi wa kawu faɗa ba, bai kuma ɓoye masa cewa babu abin da zai maye gurbin parakwat a sauri da araha ba. Abin da ya lissafa dabaru ne da sai an haɗa su suke aiki. A jiƙa gona da wuri a bar haki ya tsiro, sa'an nan a huɗe shi yana ƙarami. A dama laka sosai a daidaita ƙasa, don ruwa ya kwanta bai ɗaya, domin ruwa mai zurfin yatsa zuwa tafin hannu yana danne yawancin haki. A dasa iri mai kamar mako uku bisa layi, tazarar santimita 20 kowane gefe, yadda za a iya tura ƴar na'urar cirar haki ta hannu tsakanin layuka. A tace iri daga ƙwayar shinkafar daji. In kuma za a sayi magani, a nemi mai lambar amincewa daga hannun mai izini, a sa takalmi da safar hannu da abin rufe hanci, kada a fesa ana fuskantar iska, kada a wanke famfo a magudanar da mutane da dabbobi ke sha.

Kawu ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Duk na ji, amma duk aikin hannu ne." Malamin ya ce, "Gaskiya ne, Baba."

Ga yadda aka ƙare. Kawu ya miƙa wa malamin kwalbar don a ajiye ta inda ake tara irinta, domin zubar da ita a kogi ko a rami wata ɓarnar ce. Kuɗinsa sun tafi ke nan. Ya raba gonar fadama biyu, ya ba wani maƙwabci mai ƴaƴa maza aron rabi bisa sharaɗin su taya shi gyaran sauran. Ran Asabar aka kira gayya, abin da ya ce an yi shekaru ba a yi ba a unguwarsu tun da kwalba ta shigo. Mutum goma sha wani abu suka zo, inna ta dafa dambu da kifi, ni ma na naɗe wando na shiga. Kafin la'asar bayana ya ƙage, tafin hannuna ya yi kanta, matsattsaku biyu suka kama ni a ƙwauri, samarin suna ta yi wa ɗan birni dariya. A ranar na san nauyin abin da muke nema daga manomi in muka ce ya bar magani.

Bayan girbi kawu ya aiko mana da buhu ɗaya maimakon biyun da ya saba, tare da saƙon cewa a yi haƙuri, abin da aka samu ke nan. Mahaifiyata ta karɓa ta yi godiya, ta ce buhun da babu makoki a bayansa ya fi mata.

Kira ga gidajenmu

Ra'ayina, bayan abin da na gani, shi ne hanin daidai ne, domin ran yaro ɗaya ya fi gonar fadama. Sai dai nauyinsa ya faɗa kan mafi rauni, tsoho mai ciwon gwiwa da matar da za ta sunkuya cikin ruwa da goyo a baya. Ƙasarmu ba ta noma shinkafar da take isar ta, muna cike giɓin da ta Asiya, don haka duk gonar da aka bari saboda haki asara ce gare mu duka. Ya kamata hukumomi da ƙungiyoyin manoma su bi hanin da abin da zai sauƙaƙa shi: na'urorin cirar haki da maƙeranmu za su iya ƙerawa, bashin kayan aiki, ƙarin malaman gona, da bayanin magunguna cikin harsunanmu a rediyo da jikin kwalba.

Mu kuma a gida akwai abin da ke hannunmu. Kada a zuba maganin gona a kwalbar lemo ko ta ruwa, kada a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da abinci, kada a mayar da kwalbarsa ta zuba mai ko nono. In tsautsayi ya sa wani ya sha, a garzaya da shi likita nan take tare da kwalbar, ko da ya ce lafiyarsa lau, domin madara da man ja ba su karya wannan dafi. In ya zuba a jiki, a tuɓe tufafin a wanke da ruwa mai yawa da sabulu. Wanda Allah Ya ba ilimin karatu, in ya je ƙauye ya karanta wa iyayensa abin da ke jikin kwalaben da suke saye. Ƴan kasuwarmu kuma su ji tsoron Allah, su daina sauya wa guba riga suna rantsuwa a kanta. Masu ƴan'uwa manoma, in lokacin dashe ya zo, a tuna da su da ɗan abin biyan ƴan ƙodago tun kafin su nemi hanyar ƙarƙashin tebur.

Allah Ya jiƙan yaron nan, Ya ba iyayensa haƙuri, Ya ba kawu lafiyar gwiwa, Ya sa albarka a gonakinmu, Ya kare mana zuriya.